Sunan Cleophus a Jikin Faifai

Rubutun biro ne ya karya darajar faifan. A kasuwar tsofaffin kaya ta Detroit, wata dattijuwa mai suna Odessa ta baje kayanta, don za ta koma ɗaki guda a gidan 'yarta. Wani mai tara faya-fayan garmaho yana jujjuya ɗaya daga cikin kayan nata, na kiɗan Amurka da ake kira funk.

"Mama, kamfanin nan ya mutu tun ban zo duniya ba, faifansa sai an tona. Ba don rubutun nan ba, da dala ɗari zan ba ki. Amma wa ya zabga masa suna haka?"

"Ku dai yaran yanzu. A zamaninmu kowa da faifansa yake zuwa gidan rawa. In ba ka sa suna ba, ya zama na wani."

"Wane ne Cleophus?"

"Mijina. Faifan ya dawo gida. Shi ne ya bi wata daga wurin rawar."

"Kuma kika ajiye shekara arba'in?"

"Kiɗan ne da daɗi."

"Yaushe rabonki da jin sa?"

Ta gyara zaman tabarau. "Da ya zo kwashe kayansa, har garmahon ya ɗauka."

Mutumin ya ce akwai maganin da ke fitar da biro.

Dala biyar ta sallama masa, bayan ya rantse ba zai goge ba.