An Ce Ƙwaƙwalwa, Kuka Ce Hauka

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Haleluya!

A'a, ban ji ba. Lokacin da ake yawo da maganata a garin nan, muryoyinku sun fi haka ƙarfi. Na ce Haleluya!

Yauwa. Baba Fasto, na gode da ka ba ni fili. Ka ce in taƙaita, zan gwada, amma ban yi alkawari ba.

Saboda baƙi, sunana Saratu, an fi sanina da Maman Bitrus. Aikin reluwe ne ya kawo maigidana Nguru, ya rasu ya bar ni a nan, na riƙe kaina da bandar kifi a kasuwa. Yau na zo in gode wa Allah, kuma na zo da fushi. Duka biyun za ku ji.

Abin ya fara ne wata safiya ina wanke fuska. Ruwa na taɓa kumatuna na dama, sai na ji kamar an jona mini wayar lantarki, daga gefen hanci har muƙamuƙi. Kafin in ajiye buta ya wuce. Na tsaya ina dube-dube a tsakar gida, na zaci wani abu ne ya harbe ni.

Daga ranar bai bar ni ba. In na tauna abinci, ya tashi. In na yi magana, ya tashi. Iska ma in ta hura ta wannan gefen, sai in saki abin da ke hannuna. 'Yan'uwa, na haihu, na san naƙuda. Naƙuda tana da ranar ƙarewa. Wannan ba shi da ita.

Kowa ya ce haƙori ne. Na je wurin mai cire haƙori a bayan kasuwa, ya leƙa bakina ya ce ya ga ɓarawon. Ya cire. Ciwo yana nan. Na koma, ya ce ashe na kusa da shi ne. Ya cire. Haka ya bi haƙorana na tauna, lafiyayyu garau, ya kwashe na gefen dama. Ku duba, ga wurin nan fayau! Har gobe in na wuce rumfarsa ba na amsa gaisuwarsa.

Kun tuna ranar Lahadin da na faɗi a nan? Ga bencin can. Ana waƙa, na buɗe baki zan amsa, abin ya tsarge ni. Na kurma ihu na durƙusa. Mata suka yo kaina suna tsawata wa aljani. Wata 'yar'uwa ta kama fuskata da hannu biyu tana girgizawa, daidai wurin ciwon. Na hankaɗe ta ta faɗi. Ba zan kama suna ba, ta san kanta. Ba wadda ta tambaye ni ina ke ciwo. Abin da ya fita waje shi ne Maman Bitrus ta fara duka.

Ɗana Bitrus yana koyarwa a Gashua, can yake da matarsa Hannatu da 'yarsu Alheri, jikata tilo. Shi ya zo ya ɗauke ni ya kai ni asibiti a can. Muka samu wani likita matashi, baƙo ne a ƙasar nan, Hausarsa ta koyo ce. Ya saurare ni sosai, ya ce jijiyar fuska ce, ya ba ni ƙwaya. Da farko ta yi aiki, har na koma kasuwa. Daga baya ciwon ya fi ƙarfinta. Aka ƙara, aka sake ƙarawa, har na zama ina tangaɗi a hanya, harshena ya yi nauyi, ina gyangyaɗi a gaban kwandon kifi.

Muka koma. Likitan ya dube ni ya ce, "Mama, magani ya gaza. Zan tura ki Kano, wurin likitan ƙwaƙwalwa."

Jama'a, ku gaya mini, a garin nan in an ce an kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, me ake nufi?

To, abin da kuka ji yanzu shi na ji. Shi ne kuma Bitrus ya ji. Na ga ɗana ya sunkuyar da kai. Na miƙe na gyara ɗaurin zanena na ce, "Ni za ka kalla ka ce wa mahaukaciya?" Na fice ban jira amsa ba. Likitan yana ta kira, "Mama! Mama!" ban ko waiwaya ba.

Bitrus yaron kirki ne, tsoro ne ya kama shi. Ya buga waya ga wani dattijon ikkilisiya ya ce a sa ni a addu'a. Kafin motar da na hau ta iso Nguru daga Gashua, labari ya riga ni sauka. Ranar Lahadi aka tsaya a nan, inda nake tsaye ɗin nan, aka sanar: "Mu tuna da Maman Bitrus cikin addu'a, likita ya tabbatar ƙwaƙwalwarta ta taɓu."

Haba! Wannan roƙon addu'a ne ko shela?

Daga nan komai nawa ya zama shaidar hauka. Na yi shiru don magana tana tayar da ciwo, aka ce ta daina gane mutane. Na daina wanke gefen fuskata, aka ce ga alama nan, ƙazanta ta fara. Na rufe kumatu da gyale saboda iska, aka ce tana ɓuya. Tangaɗin da magani ya sa ni kuwa, wannan ba a magana. A zumuntar mata aka karɓe ludayi daga hannuna, ni da na yi shekara da shekaru ina dafa abincin taro. Masu sayen kifina suka koma rumfar gaba. In na shigo majami'a, sai benci ya yi mini faɗi.

Wanda ya fi ci mini rai, na je Gashua in ga jikata, ina shiga Hannatu ta sure ta ta goya, yarinyar da ta isa shiga makaranta. Ta ce, "Mama, barci take ji." Da hantsi! Ban ga laifin Hannatu ba, uwa ce. Abin da aka gaya mata ta bi.

Kuma bari in tambaye ku. A ce ma haukan ne. Haka ake yi wa mara lafiya a gidan Allah? Wa ya taka ƙafa ya zo gidana? Addu'a daga nesa kam na sha ta, har ta yi mini yawa.

Kun san wadda ta zo? Ya Falmata, maƙwabciyar rumfata, Babarbariya, musulma. Ita ke dama mini kunu mai ruwa-ruwa, ta jira ya huce, ta zauna har in shanye ta gefen hagu. Wata rana ta ce, "Wallahi Saratu, in ke mahaukaciya ce, to babu mai hankali a layin 'yan kifi. Mahaukaciyar da har yau ba a iya yi mata wayo a ciniki?" Na so in yi dariya, ciwo ya hana.

Ranar da abin ya juya, da tsakar rana ce, ina bayan gida wurin banda. Na jera tarwaɗa a kan ragar waya, hayaƙi ya bugi fuskata, ciwon ya kayar da ni a ƙasa. Ina kwance cikin toka na yi addu'a. Ba irin ta Lahadi ba ce, mai ladabi da sunkuyar da kai. A zuci na yi ta, don baki ba ya buɗuwa.

Na ce, "Yesu, kana gani ko ba ka gani? Ka ɗauki mijina, na yi shiru. Haƙorana sun tafi, na yi shiru. Yanzu kuma hankalina da ka ba ni da hannunka za a ƙwace da baki, kana kallo? Kai ka san lafiyar kaina lau. In kashe ni za ka yi, ka kashe ni, amma ba zan shiga kabari da sunan mahaukaciya ba. Ka yi wani abu!"

Ban ji murya daga sama ba. Ban ga haske ba. Abin da na ji shi ne raina ya ƙara ɓaci, kuma ƙafafuna sun yi ƙarfi. Na ce yau sai na je na wanke matashin likitan nan na Gashua tas, shi da ya fara ɓata mini suna. Na kira Ya Falmata ta kula da kifin, na nufi tasha da toka a zanena.

Na isa Gashua na shiga ofishinsa ba sallama. Na riƙe muƙamuƙi da hannu, ina magana ta gefen baki. Na ce, "Ɗana, uwarka na raye? Za ka so a ce mata mahaukaciya? Me na yi maka?"

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mama, yaushe na ce haka?"

Na ce, "Ba kai ka ce likitan ƙwaƙwalwa ba?"

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya kira wata ma'aikaciyar jinya Bahaushiya ya ce ta taya shi, kada ya sake yin ɓarna da Hausa. Suka zaunar da ni. Ashe likitan ƙwaƙwalwa iri biyu ne. Akwai mai duba taɓin hankali. Akwai kuma mai fiɗa, wanda ke aiki a kan ƙwaƙwalwa da lakar baya da jijiyoyi, irin wanda ake kai wa mutumin da ya faɗo daga babur ya fasa kai. Wurin na biyun yake nufi. Ya ce, "Mama, hankalinki ya fi nawa. Na yi ta neman ki."

Kalma ɗaya, jama'a! Kalma ɗaya ce ta cinye mini wata da watanni ina birgima, alhali magani yana Kano yana jira na.

Na aika aka kira Bitrus daga makaranta. Da ya ji bayani, ya durƙusa a gabana yana kuka kamar ba malami ba. Na ce ya tashi ya nemo mota.

A Kano aka saka ni cikin wata na'ura mai kama da kwalbati, aka ɗauki hoton cikin kaina. Likitan fiɗar, wani dattijo mai magana a hankali, ya nuna mini hoton. Ya ce wata jijiyar jini ce ta kwanta a kan jijiyar da ke kai ji zuwa fuska. Duk bugun zuciyata sai ta doke ta, har ta goge mata riga. Zai shiga ta bayan kunne, ya raba su, ya sa wani ɗan abu mai laushi a tsakani. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce kunnen zai iya raguwa, ciwon ma yakan dawo wa wasu. Na ce, "Likita, ko kunnen ne gaba ɗaya ka ɗauka. Abin da nake ji da shi a Nguru ba alheri ba ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Hannu ne nawa, Mama. Sauƙi na Allah ne." Na ce a nan kam mun yi daidai.

Da na farfaɗo, kaina a naɗe, ina jiri, ina amai. Amma na ɗaga yatsa a hankali na taɓa kumatun. Shiru. Na danna. Shiru. Na murza da ƙarfi. 'Yan'uwa, shiru! Na fashe da kuka ina kiran sunan Yesu da baki a buɗe, har masu jinya suka rugo. Haleluya! Da aka yarda in ci abinci, tuwon shinkafa na ce a kawo mini, na tauna da haƙoran da ɓarawon can na bayan kasuwa ya rage mini.

Ku ɗaga hannu ku gode wa Allah tare da ni. Shi ya ji addu'ar da aka yi cikin toka da faɗa. Shi ya ɗauki fushina ya mai da shi ƙafa. Wanda ke fama da wani ciwo a ɗakin nan, kada ka jira sai ka iya addu'a mai kyau. Ka gaya masa yadda take, yana ji. Kuma in likita ya faɗi kalmar da ta tsorata ka, ka zauna ka tambaya har ka gane.

Amma ban gama ba, Baba Fasto, ka ɗan ƙara haƙuri.

Da aka sallame ni na sauka a Gashua, gidan ɗana. Hannatu ta roƙi gafara, na yafe mata. Ta turo Alheri ta gaishe ni. Yarinyar ta tsaya daga bakin ƙofa, ta riƙe labule, ta leƙo da ido ɗaya. Ta ce, "Kaka, kin daina haukan?"

Wuƙar likita ba ta yi mini zafin wannan ba. Shi ya buɗe kaina ya gyara abin da ya lalace. Abin da aka zuba a kan yarinyar nan kuwa, babu likitan da zai buɗe ya cire.

Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa duka. Ina kan hanya, ban kai ba tukuna, kuma ba zan tsaya a gaban bagadi in yi ƙarya ba. Ga abin da nake nema a wurinku. Duk wanda ya ɗauki waccan magana ya kai wani gida, ya san gidan. Duk wadda ta kai ta kasuwa, ta san rumfar. Wanda ya buga waya Gashua, lambar tana nan a wayarsa. Yau in an tashi sujada, kafin ku ci abincin rana, ku koma ƙofa-ƙofa ku ce Saratu ba ta taɓa hauka ba, jijiya ce, kuma Yesu ya warkar da ita. Ku faɗa da ƙarfi, har jikata ta ji daga bakin wani ba nawa ba.

Yabo da girma su tabbata ga Ubangiji. Ku dogara gare shi, ba ya kunyatar da nasa. Amin.