Baƙo a gurup ɗin gidanmu

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ce Rabi daga wani ƙauye kusa da Yekuwa.

Babanmu bai iya karatun boko ba. In saƙo ya shigo salularsa, duk wanda ke kusa yake miƙa wa ya karanta masa. Ran kasuwar Dungas saƙo ya shigo, sai wani mutum mai tsabtar riga ya ce, "Kawo in duba maka, Baba." Ya duba, ya ce talla ce kawai. Har godiya Baba ya yi masa. Ashe lambobin sirri ne, kuma da su ya buɗe nimeron Baba, wato lambar wayarsa, a tasa wayar.

Malam, muna da gurup na gida a waya, inda yayana Buba ke turo bokal, wato saƙon murya, daga daji yana faɗa mana inda suka sauka da shanu. Shekaranjiya nimeron Baba ya yi rubutu: "Buba, a wace rijiya za ku kwana?" Baba kuwa yana zaune gabana, kuma bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Buba kuwa ya faɗi sunan rijiyar, kuma ina tsoron ɓarayin shanu ne.

Jama'a, ku daina miƙa wa baƙo waya. Masana kuma ku taimaka, yaya ake fitar da mutumin nan?

Buba, na kira ka ba rezo, kiran bai shiga ba, amma na san rediyonka na rataye a kafaɗarka. Wanda ka ba amsa ba Baba ba ne. Ku tashi daga rijiyar nan yau.