Wayar da Ta Saki a Bayan Mita

A shagon kayan wuta, wani magidanci da wani dattijo suna jiran mai shago.

"Malam, tun ɗazu kake juya guntuwar wayar nan. Lafiya?" in ji dattijon.

"Baba, ita ta ja mini abin kunya. Wata biyu wutar gidana tana ƙiftawa, ta ɗauke ta dawo kafin ka ce kwabo. Sai na ce maƙwabcina ne ya ja layi daga nawa. Na tare shi gaban 'ya'yansa, na kira shi ɓarawo."

"Ka kama shi?"

"Ina fa! Jiya na kawo mai gyara ya zame mini shaida, sai ya ce in kunna injin ruwana. Ina kunnawa ƙwan lantarki ya ƙifta. Na kashe, na sake kunnawa, ya sake ƙiftawa. Har sau biyar! Ya buɗe bayan mita, ga waya ta saki. Kuma ni na ɗaura ta da hannuna, wai na iya."

"Maƙwabcin ya sani?"

"Da wane ido zan kalle shi? Ta ƙofar baya nake fita yanzu. In an gyara, ai magana ta wuce."

"Ba ta wucewa, ɗana," in ji dattijon. "Ni ma haka maƙwabcina ya yi mini. Wutarsa ta gyaru a yini ɗaya. Yau shekara huɗu, duk wanda ya yi sallama a ƙofata sai in ɗauka shi ne ya zo ba ni haƙuri."