Kan Jirgin da Ba a Yanka Ba

A tashar jirgin ƙasa, wani dattijo da wata mata mai goyo sun tsaya suna kallon tsohon kan jirgi mai aiki da kwal yana ta huci.

"Baba, yau zai ja fasinja kamar da," in ji matar. "Da mijina aka gyara tukunyarsa."

"'Yata, ƙarfe ne kawai. Yankan tsofaffin ƙarafa ne sana'ata, irinsa nawa na yanka?"

"Wannan dai ya gagare ku. An ce shekara da shekaru yana yashe a filin wani ɗan gwangwan, mutumin ya ƙi sa masa wuta. Har rumfa ya yi masa saboda ruwan sama."

"Wace rumfa? 'Yan fallayen kwano ne na ɗora masa."

Matar ta juyo ta dube shi da kyau. "Kai ka ɗora?"

Dattijon ya gyara zaman hularsa. "Shi ya jawo jirgin da ya kawo mini uwar 'ya'yana. Ki gaya wa mijinki ya ƙara wa ƙafar hagu mai, tun can da tana kuka."