Faifaina a Kan Ƙwaryar Fura

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni ce Talatu daga Gude.

Ƙanwata Hadiza kurma ce, kuma ni na koya mata saƙar faifai. Yanzu tana saƙa, tana zane, tana wasan kwaikwayo da hannu. Duk baje kolin da aka gayyace ta, sai ta kafe a kan sai an ba makafi da guragu wuri.

Da aka yi wani a Gwarzo, ta sa aka karɓi faifaina. Na ci ado na je. Nata na rataye a bango ana ta ɗaukar hotonsa. Nawa kuwa an rufe ƙwaryar furar baƙi da shi. Ita ta ɗauko shi, ta goge, ta rataye kusa da nata. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai.

Malam, a ba ni shawara, don ko yabonta aka yi sai ƙirjina ya yi zafi. Ita ba za ta ji wasiƙar nan ba, sai in ni na faɗa mata da hannuna. In faɗa mata?