Wanda Ya Ƙi Gudu

Shin tambaya tana lalata yaro? Wa ya sani.

Alkasim na jiran bas a unguwar Chow Kit, wayarsa na ta ƙara. Wani ɗalibi ya ce, "Baba, ba za ka ɗauka ba?"

"Ɗana ne. Na daina kula shi. Malaminsa ya ɓata shi, komai sai ya ce don me."

"Laifin da aka ɗora wa wani malami Sokratis ke nan a tsohuwar Girka, wai ya raina allolinsu, ya ɓata matasa. Aka yanke masa shan guba."

"Ya cancanta."

"Abokansa sun shirya masa gudu, ya ƙi. Ya sha da hannunsa, yana rarrashin masu kuka."

Alkasim ya dubi wayarsa. "Ikon Allah. Maɓarnaci ai gudu yake yi."

Wayar ta sake ƙara. Ya ɗauka. "Nasir, ina jinka. Yi tambayarka."