Kalmar da Baba Muntari Ya Bari

Hafsatou: Allô, Gwaggo! Ina wuni? Ya Djougou?

Rabiatou: Lafiya lau, 'yata. Ya Parakou, ya karatu?

Hafsatou: Alhamdulillahi. Ya ƙarin haƙurinmu?

Rabiatou: Haƙuri sai godiya. Tun bayan arba'in ɗin maigidana, Babanki Muntari, kowa ya watse, gidan ya yi mini faɗi. Har yau tuwon mutum biyu nake tuƙawa. Ke, Ingilishin da kike karantawa, ya kai ki fassara zagi?

Hafsatou: Zagi kuma? Wa ya zage ki?

Rabiatou: Shi marigayin mana. Wata kalma ya kwaso lokacin da yake jan babbar mota zuwa Legas. Shekara talatin yana jifana da ita. Wanofakain.

Hafsatou: Wan wa? Réseau ba kyau, layin yana yankewa, ƙara faɗa.

Rabiatou: Ba wan kowa ba! Wan-of-a-kain!

Hafsatou: Laa! One of a kind! Gwaggo, ai ba zagi ba ne. Ana nufin abin da shi kaɗai ne, babu irinsa. Kamar zanen da aka saƙa guda ɗaya tak. In mutum aka gaya wa, to ba shi da na biyu.

Rabiatou: Kai, a'a. Ai sai mun yi faɗa yake faɗi. Ran da na bi ɓarawon akuya da muciya har hanyar Partago ma ya faɗa.

Hafsatou: Bon, ana faɗinta da tsokana, ga mai halin da ba a saba gani ba. Amma ba a gaya wa wanda aka ƙi. Ba ki taɓa tambayarsa ba?

Rabiatou: In tambaya ya ji daɗi? Na ɗauka taurin kaina yake nufi.

Hafsatou: Allô? Gwaggo, kina ji na?

Rabiatou: Ina ji. A asibiti, ranar ƙarshe, ina matsa masa ya sha kunu, ya kalle ni ya sake faɗa, muryar da ƙyar take fita. Haushi ya kama ni. Na ce, kai ne dai wanofakain, ba ni ba!

Hafsatou: Wayyo. Me ya ce?

Rabiatou: Dariya ya yi har da tari. Kwana hamsin ina neman gafarar Allah, wai na sallami mijina da zagi.

Hafsatou: Gwaggo, ai amsar da ta dace kika ba shi.

Rabiatou: Ashe! Tsaya, kar ki kashe. Koya mini yadda ake faɗinta daidai, a hankali. Wan...

Hafsatou: One of... Allô? Gwaggo? Allô!